Hoton ƙwaƙwalwa bayan shanyewar ɓarin jiki: wa ke samu a kan lokaci?

Ɗalibar jinya:
Assalamu alaikum. Manyanmu, a taimaka min da haske. An koya mana cewa duk wanda aka kawo da alamun shanyewar ɓarin jiki, hoton CT, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka da hasken X-ray, ake fara yi masa. To me ya sa talaka da mutumin karkara da mata suka fi rasa shi a kan lokaci? Rashin na'ura ne kaɗai?

Likitan ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Fara da dalilin hoton. Wajen kashi 85 cikin 100 gudan jini ne ya toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, a sauran kuwa jijiyar ce ta fashe, kuma ido ba ya rabe su. Allurar narkar da gudan jini, alteplase, tana ceton na farko, tana iya kashe na biyu. Saboda haka ba hoto, ba allura, ko asfirin ba a bayarwa.

Wa'adin allurar awa 4 da rabi ne, daga lokacin da aka yi wa mutum ganin ƙarshe yana lafiya. A nan gibin yake buɗewa. Na karkara an fara kai shi ƙaramin asibiti marar CT, kafin a tura shi gaba awa biyu ta tafi. Marar inshora yana kwance baki a karkace, dangi na waje suna haɗa kuɗin hoto. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai kuwa, babu mai cewa ƙarfe nawa abin ya fara.

Mai ɗaukar hoto:
Gaskiya ne, Likita, amma ko na'urar na nan ba a gama ba. Burin shi ne hoto cikin minti 20 da shigowa, allura kafin minti 60. Da dare da ƙarshen mako, asibitoci da yawa sai an kira mai ɗauka daga gida, sannan a nemo mai karantawa. Kuma CT zalla yakan fito fes a awannin farko na toshewa. Sai an ƙara hoton jijiyoyi da ruwan rini a ga babbar jijiya ta toshe, wadda ake iya zaro gudanta har awa 24 ga wasu. Wanda ya farka da ciwon, MRI, wato hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, kan nuna ko sabo ne. Waɗannan biyun a manyan birane suka taru.

Ma'aikaciyar sashen gaggawa:
Akwai wanda ba a ma tura shi hoton ba, shi ya fi damuna. Mace ta zo da jiri da amai da tangaɗi, a ce ciwon kunne ne ko damuwa. Matashi harshe ya karye, a ɗauka maye ne. Wanda ba ya jin yaren likita, ba tafinta, wa zai gane maganarsa ta rikice?

'Yar'uwa, idan irinsu suka zo hannunki, auna suga nan take, don faɗuwarsa na kwaikwayon shanyewa. Rubuta lokacin ganin ƙarshe da awa da minti, ki karɓi lambar wayar wanda ya gani da idonsa, ki kira ɗakin hoto tun kafin a gama buɗe kati.