Kwana biyar a Zanzibar ni kaɗai: zai isa ko asarar kuɗi ce?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. An ba ni hutun mako guda a wurin aiki cikin watan Afrilu. Uwargida ta tafi gidansu wankan jego, sai ta yi arba'in za ta dawo, gidan ya yi min faɗi. Ni kuwa tunda aka haife ni ban taɓa ganin teku da idona ba, iyakata madatsar Tiga. Zanzibar nake so, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, don na ji wurin Musulmi ne, ba zan sha wahalar abinci da masallaci ba. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka: kwana biyar zai isa? Kuma mutum shi kaɗai ba zai koma kamar maraya ba?

Baban_Ilham:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ni ma ni kaɗai na je, kwana shida. Amma Afrilu? Kada ka soma. Lokacin babbar daminarsu ke nan, daga Maris zuwa Mayu, suna ce mata masika. Ka biya kuɗin jirgi ka je ka zauna a ɗaki kana kallon ruwan sama, wanda ko a Kano kyauta ne. Daga Yuni zuwa Oktoba ya fi.

Sannan biza. Masu fasfon Najeriya ba a buga mana a filin jirgi, sai ka nema ta intanet ka jira amincewar hukumar shige da ficen Tanzaniya. Tawa ta kusa wata guda. Ka riƙe katin rigakafin shawara, kuma tun Oktoban 2024 sun wajabta wa baƙi inshorar dala 44. Jirgin Habasha na bi daga Kano, aka sauya a Addis Ababa.

Kwana biyu na yi a tsohon gari, Stone Town. Lunguna ne matsattsu kamar cikin Birni, mota ba ta shiga, ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, ko'ina ka juya kiran salla. Bayan magariba ka gangara Forodhani bakin ruwa, nan ake gasa kifi. Ka sha ruwan rake da citta da lemon tsami, ka ɗanɗana wani romo mai tsami da suke kira urojo. Ka tambayi farashi kafin a zuba maka, ba bayan ka ci ba.

Abin da ya kayar da ni agogonsu ne. Na shirya da mai kwale-kwale zai kai ni tsibirin Changuu in ga manyan kunkuru, da Swahilinsu ya ce "saa mbili asubuhi". Na san mbili biyu ne, asubuhi kuma ga asuba nan a ciki, na ce wane irin mutum ne zai fita teku biyun dare? Na ɗauka biyun rana yake nufi. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ta ɗaya, ta biyu kuwa takwas. Na iso bayan azahar da hulata, mutumin ya je ya dawo har ya wanke jirgi. Kuɗin kafin alƙalami ya bi ruwa.

Sauran kwanakin a Nungwi na yi, can arewa, inda ake iya shiga ruwa kusan kowane lokaci. A Paje ta gabas teku kan janye nesa, sai ka yi ta tafiya a rairayi kafin ruwa ya kai maka gwiwa.

Maman_Haidar:
Lallai ɗan nan! Yarinya na can ana watsa mata ruwan zafi da ganyen darbejiya tana shan kunun kanwa, kai kana lissafin wankan teku. To in dai sai ka je, ka shiga gonakin kayan ƙamshi da ke wajen gari. Nan na fara ganin kanumfari a bishiyarsa, kafin ya bushe ja-ja ne. Kirfa kuwa ɓawon itace ce, a gabana aka ɓantaro. Ka ciko wa surukarka jaka da su da masoro, ko ka samu a yafe maka.

Bazazzagi:
Maganar kaɗaici, da rana ba ka ji. Lokacin cin abincin dare ne yake kama mutum, kowane tebur biyu-biyu, kai da wayarka. Ni masallacin unguwa na riƙa zuwa isha, kwana na biyu wani dattijo ya ja ni shan gahawa a dakalin ƙofar gidansa. Ba Hausa ba Turanci, da guntun Larabcin allo muka yi ta lallaɓawa.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai. Mama, na ji, a yi min afuwa. Baban Ilham, matsalar ita ce in na ɗaga zuwa Yuli ta riga ta dawo, kuma na san ba za a bar ni in fita da akwati ni kaɗai ba. Jaririn wata huɗu, nawa ake biya masa a jirgi?