Muhawara: Dole ne mai koyon hoto ya guji tsakiya?

Malam Bala, Wuse: Ni dai matsayina, mai koyo ya daina sa mutum a tsakiyar hoto. Ya kunna layukan raba allo a saitin kyamarar wayarsa: biyu a tsaye, biyu a kwance, gida tara ke nan, mahaɗa huɗu inda layukan suka gitta juna. Idon wanda ake ɗauka ya hau ɗaya daga mahaɗun sama, a bar fili ta ɓangaren da yake kallo. In filin ya koma bayan ƙeyarsa, sai hoton ya matse, kamar zai yi karo da bango.

Hajiya Rabi, Garki: Malam, "daina" ɗin nan ya yi yawa. Tsaya gaban Masallacin Ƙasa na Abuja ka ture ƙubbar gefe, hasumiyoyin za su rasa daidaito. Haka tafkin Jabi in ruwa ya kwanta da yamma: bakin ruwan a tsakiya ake sa shi, don gine-gine da inuwarsu a ruwa su raba hoton daidai. Ga kuma hoton fuska na WhatsApp, a da'ira yake fitowa. In kan mutum na gefe, an yanke kunne.

Malam Bala: Gaskiya ne, Hajiya, amma waɗannan kaɗan ne. Ɗauki Dutsen Zuma a hunturu. Sama fari fat saboda hazo, to me za a yi da rabin hoto fari? A ba sama kashi ɗaya, dutse da hanya kashi biyu. Da damina, gajimare ya haɗu, sai a juya lissafin.

Injiniya Auwal, Kubwa: Yayana, akwai illar da ba ka faɗa ba. Kyamarar waya tana buɗe fili sosai, fuskar da ta matsa kusurwa takan miƙe, goshi ya yi faɗi. Maganinsa a ja da baya taku biyu ko uku, a danna 2x mai kusanto da hoto, sannan a taɓa fuskar a allo don ta fito sarai, kada wayar ta kama abin da ke bayanta.

Hajiya Rabi: Madalla. To mai koyo ya ɗauki abu guda sau biyu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a kan mahaɗa, ya kwatanta. Ya kuma duba layin kwance ya miƙar da bakin ruwa ko gindin gini, don karkacewa ta fi ɓata hoto.

Malam Bala: Na yarda da sau biyun, amma ya fara da na mahaɗar.