Ina son zama likitar yara: ɓangaren jarirai zan bi ko na sikila?

Ƙaramar Likita ta rubuta:

Assalamu alaikum, manyana da abokan aiki. Saura wata 4 in gama bautar ƙasa a wani babban asibitin ƙaramar hukuma, inda ni da likita ɗaya muke riƙe da ɗakin yara da ɗakin haihuwa da duk wanda aka kawo cikin dare. Tun a shekarar sanin makamar aiki, da na zaga sashen yara, zuciyata ta zauna a can.

Makon jiya aka kawo mini jariri ɗan kwana 5. Shawara ta sauka har tafin ƙafarsa, ya daina kama nono, yana banƙarewa da wani kuka mai tsini. Kakarsa ta ce tun kwana na uku suka ga idon ya canza, suna ta shanya shi a hantsi. Da na buɗe zanin goyon, ƙamshin kafur ne ya fara tarbata, shi kuwa yana iya tsananta shawara ga wasu jarirai. Ba mu da fitilar maganin shawara mai aiki, ba mu da halin canza masa jini, sai takardar tura su asibitin koyarwa na rubuta, tafiyar awa 3. Uban ya kira ni daga baya: an canza jinin, yaro ya rayu, amma an ce a sa ido a kan jin kunnensa. Tun ranar nake jin jarirai ne aikina.

Sai dai ƙanena mai sikila ne. Na taso ina ganin Umma tana kwana a zaune bakin gadonsa duk sanyin hunturu, kuma don shi na shiga likitanci tun farko.

Ku taimaka mini. Wace kwaleji zan rubuta wa jarrabawa, shekara nawa ne gaba ɗaya? Ana iya zurfafawa a ɓangare guda a nan gida, ko dole sai an fita? Ga kuma aure da aka sa bayan babbar Sallah, Baba yana cewa in nemi fannin da ba ya cin dare.

Babban Rajistara, likita a matakin sama na horon ƙwarewa, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ina shekarata ta biyar a wannan hanya, bari in zayyana miki yadda take.

Ƙofa biyu ce: kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa, NPMCN, da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da kwalejin likitocin Afirka ta Yamma, WACP. Kowacce tana da jarrabawar share fage, a kan ilimin jikin ɗan Adam da yadda cuta da magani ke aiki a cikinsa. Ki fara karatu yau, tun abin da kika koya a aji bai dusashe ba, kuma in aljihu ya yarda ki rubuta duka biyun. Da wannan sakamakon za ki nemi gurbi a asibitin da kwalejin ta amince ya horar, irin su asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, na ABU da ke Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri ko na Jos. Sakamakon yana da wa'adi, kada ki ajiye shi a akwati.

Matakin farko shekara 2 zuwa 3 ne, kina zagaye: ɗakin gaggawa na yara, ɗakin jarirai, ƙoda, zuciya, jijiya da ƙwaƙwalwa, jini da daji. Sai jarrabawar kashi na ɗaya. Matakin sama kuma kusan shekara 3, da rubuta kundin bincike da kare shi a gaban manya. In ba a faɗi jarrabawa ba, ba yajin aiki, ki lissafa shekara 6. Ni na faɗi kashi na ɗaya sau ɗaya, a gefen gado, wajen duba mara lafiya, na ƙara wata 6.

Zaɓi tsakanin jarirai da jini bai zo ba tukuna. Sai kin haye kashi na ɗaya ne kundinki zai ja ki ɓangare guda.

Sista ta Ɗakin Jarirai ta amsa:

'Yata likita, ni ba likita ba ce, amma na shekara 18 a ɗakin bakwaini, likitoci da yawa sun koyi sa kanula, wato allurar ƙarin ruwa, a hannun da bai kai ɗan yatsana kauri ba ina riƙe musu fitila. Don haka ki ba ni dama.

Baba gaskiya ya faɗa, wannan ɗaki yana cin dare. Jariri mai nauyin kilo 1 da ɗigo 2 ba ya kuka ya sanar da ke yana cikin wahala. Numfashi kawai yake ɗaukewa, kuma ƙarfe ukun dare ya fi yi. Akwai daren da wuta ta ɗauke, kwalaben ɗumama jarirai 4 suka huce lokaci guda, muka kwance jariran muka manna kowanne a ƙirjin uwarsa, fata da fata, muka ɗaure da zani. Duka huɗun sun kai asuba da ɗuminsu. Wannan goyon ƙirji a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalabe, kuma a wurinmu ya ceci yaran da ba zan iya ƙirgawa ba.

Abin da nake so ki sani: likitan jariran da ya fi amfani a nan ba wanda ya fi sanin na'ura ba ne kaɗai. Wanda zai zauna da kaka ne ya fahimtar da ita a daina kai jariri wurin wanzami cire beli, a daina shafa man goge baki a cibiya, a yi amfani da maganin cibiya na asibiti, a raba kayan jariri da kafur. Yadda kika lura da ƙamshin zanin nan, ni na ga alamar mai wannan aikin.

Maganar aure kuwa, mata da yawa sun yi goyo biyu a cikin horon nan sun gama. Waɗanda na ga sun sha wuya su ne waɗanda ba a zauna an yi magana da miji da uwar miji ba tun kafin ɗaurin aure. Ki gaya masa a fili kwana nawa za ki riƙa yi a asibiti cikin wata.

Dattijo Likitan Jini ya amsa:

'Yata, Allah ya ba ƙanenki sauƙi. Ba zan ja ki ɓangarena da ƙarfi ba, amma ki ji bambancin. Jariri kwana 10 ko wata guda kuke yi tare, ko ya tafi gida ko Allah ya karɓi abinsa. Mai sikila kuwa naki ne tun yana rarrafe har ya kawo miki katin bikinsa. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Kuma aikin ya canza a idona. Da, yaro ɗan shekara 6 zai wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, ba abin da muke iyawa sai haƙuri. Yanzu da na'urar auna gudun jini a jijiyoyin kai muna gano wanda ke cikin haɗari tun abin bai faru ba, mu ɗora shi a kan maganin hydroxyurea. Binciken da ya nuna wannan hanya tana yiwuwa a irin yanayinmu, a asibitocin Kano da Kaduna aka yi shi, da yaranmu.

Fita waje tana da amfani in an san abin da za a ɗauko. Jami'ar Cape Town tana da shiri na musamman da ke karɓar likitocin yara na Afirka su zurfafa a asibitin yara na Red Cross, da sharaɗin su koma gida. Na fi son irin wannan ga wadda ta riga ta gama a nan. Ɗalibaina uku sun tafi Ingila da niyyar shekara biyu, har yau ɗakunansu a wurinmu babu mai riƙe su, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Gargaɗi ɗaya: in kin zaɓi jini, ranar da yaro mai kama da ƙanenki ya rasu a hannunki, sai kin sami wanda za ki yi kuka a gabansa.

Likita daga Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa daga Nijar, 'yar'uwa. Mu a nan shekara 4 ne ƙwarewar yara bayan digirin likita, a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Faransanci. Kada ki manta da tamowa. Daga Yuli zuwa Oktoba, in zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da ƙarewar rumbu, yara biyu har uku muke kwantarwa a gado ɗaya, kuma da yawa daga Katsina da Jibiya ake ƙetaro da su. Ko wane ɓangare kika bi, ki ƙware a madarar F-75 da F-100 da yadda ake ƙara wa mai tamowa ruwa ba tare da an cika wa zuciyarsa kaya ba.

Ƙaramar Likita ta sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaya, na ciro littattafan share fage daga kwali yau da yamma. Sista, ranar Juma'a iyayen wanda zan aura za su zo gida, na roƙi Umma ta bar ni in yi maganar kwanan asibiti da bakina. Baba likita, na tambayi ƙanena ko an taɓa yi masa awon jijiyoyin kai yana yaro, ya ce a'a. Shi ya wuce shekarun, amma akwai yara 11 masu sikila da nake gani a nan duk wata, gobe zan fara rubuta musu takardar zuwa a yi musu.