Daji a ƙoda biyu ga ƙaramin yaro: wanda ya taɓa gani ya ba mu labari

Maman Ilham, Gusau:
Salamu alaikum iyaye. Ɗiyata shekararta uku, ina mata wanka na ji wani abu mai tauri gefen cikinta, munka tai anka yi hoto anka ce daji ne ga ƙoda, kuma duka biyun, sunan abin Wilms. An tura mu Sakkwato, likita ya ce ba a aiki yanzu sai an yi kemo, wato alluran maganin daji, tukuna. Ni abin da ban gane ba, abu na cikin yarinya kuma a ce a jira? Babanta har ya fara zancen mu sake asibiti. Don Allah wanda ya shiga wanga hali ya yi mani bayani.

Baban Khalifa, Argungu:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Hajiya ki ce ma maigida ya kwantar da hankali, wanga jira shi ne maganin. Nawa yaron ma biyun ne, kuma ni ma na matsa a yi aiki a huta, sai likitan ya zana mani a takarda, ya ce in da ƙoda guda ce ta kamu sai a cire ta gaba ɗaya ɗayar ta riƙe yaro har tsufa, amma tunda biyu ne in an kwashe su sai wankin ƙoda, ga dashen ƙoda ba a yi sai an ga shekara ɗaya ko biyu dajin bai dawo ba, kuma kin san wankin ƙodar yaro ƙarami ba ko'ina ake yi ba balle kuɗinsa. Shi ya sa ake ba da kemo sati 6 a sake hoto, in bai motse sosai ba a ƙara zuwa sati 12, sannan a shiga a yanke wurin ciwon kaɗai a bar naman ƙoda mai lafiya. Khalifa an rage mai duka biyun, yanzu yana firamare, ƙiriniya sai abin da ya ƙaru.

Inna Hajara, Jega:
Jikana ne. Mu saifa munka ɗauka, har wanzami ya yi mai tsaga a ciki anka yi ta jiƙe-jiƙe, kafin mu kai asibiti ciki ya yi tulu. Ƙodar hagu ba ta cetu ba an cire ta duka, ta dama ce anka samu anka bar fiye da rabi. Alhamdulillahi da ita yake rayuwa. Ɗiyata ki gode Allah kin gani da wuri.

Maman Ilham:
Amin Inna na gode. To kemon fa, an ce yana kwantar da yaro sosai?

Anti Nas, Birnin Kebbi:
Yana wahalarwa, ba zan ɓoye maki ba. Amai, zubar gashi, ƙin abinci, wani lokaci jini ya yi ƙasa sai an ƙara, don haka tun yanzu ku san 'yan uwan da za su iya ba da jini. Yawanci magani uku ake haɗawa, vincristine, dactinomycin da doxorubicin, na ƙarshen ja ne kuma yana maida fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, na sha ganin uwa ta rugo da gudu tana kuka wai jini ne. Shi ne kuma ya sa ake hoton zuciya, don yana iya taɓa ta. Zazzaɓi kam ko tsakar dare ne ku kawo ta, kada a tsaya kemis. Abin da ya fi ƙona mani rai wurin aikina, ciki na saɓewa sai iyaye su ce an warke su koma gida a daina ganinsu, sai bayan watanni su dawo abin ya kai huhu. Saɓewar ciki alama ce an kusa shiga aiki, ba sallama ba ce.

Abu Sumayya, Talata Mafara:
Gaskiya ne Anti, amma a faɗi har da kuɗi. Mu abin da ya kusa yanke mu kuɗin mota da na magani ne duk sati ga halin hanya, sai da na saida tumaki munka kama ɗaki kusa da asibiti. Bayan aiki an bar mata roba a gefe tana ɗigar da ruwa, har fitsari ya ɗan yoyo ta nan, na tsorata amma ya tsaya da kansa.

Baban Khalifa:
Na manta, bayan an sallame ku ba a gama ba. Awon hawan jini da na fitsari, da hoto duk wata uku da farko. Kuma an hana mu ba shi ibuprofen da diclofenac da saƙe-saƙin gargajiya, ƙodar da ta rage ba ta son wahala. Kakarsa har yau faɗa muke kan wannan.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, na tura ma babanta ya karanta da kansa. Abu Sumayya ɗakin nan da kunka kama ta wane gefe ne, kuma wata-wata ake biya ko sati?