Na'urar Gano Hayaƙi Ta Ƙi Daina Ƙara Duk da Na Sauya Batir

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin wutar lantarki game da wata matsala da ta gagare ni kusan mako uku.

A ginin da nake kula da shi, wanda ƙasansa shago ne, samansa kuma gidan zama, akwai na'urorin gano hayaƙi guda 5 da aka haɗa da waya ɗaya, ta yadda idan ɗaya ta yi kuka sauran ma za su ɗauka. Ta bakin matakala tana yin gajeriyar ƙara kusan kowane minti ɗaya, musamman da asuba lokacin da sanyi ya sauka. Na san sanyi kan rage ƙarfin batir, shi ya sa na saka sabo mai bolt 9, na zuƙe ƙurar da ta taru a ramukanta, na kuma danne maɓallin gwaji har ta yi kuka sosai. Duk da haka ba ta daina ba.

Da na sauke ta daga silin, sai na ga an rubuta 2015 a bayanta, alhali ƙa'ida ita ce a sauya irin waɗannan na'urori bayan shekara 10. Shin wannan ƙarar alamar ƙarewar wa'adinta ce? Idan haka ne, ita kaɗai zan sauya ko duka biyar ɗin, kuma za a iya haɗa na'urar wani kamfani daban a kan wayar?

Abin da ya fi damuna shi ne masu kwana a sama sun fara cewa a cire ta su huta, ni kuwa ba zan yarda yara su kwana babu ita ba.