Tsibirin Gore da Ganuwoyinsa: Abin da Idanunmu Suka Gani

Mai buɗe zance, malamin tarihi daga Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na buɗe wannan zance ne domin waɗanda suka taɓa taka ƙafa a tsibirin Gore na ƙasar Senegal su ba mu labarin abin da suka gani, musamman game da ganuwoyi da sansanonin da ke bakin teku, saboda na lura yawancin maziyarta Gidan Bayi kaɗai suke shiga su juyo. Ni kaina da jirgin fito ya ɗauke mu daga tashar Dakar, tafiyar da ba ta wuce minti 20 ba, abin da ya fara tarbar idona shi ne wani zagayayyen gini mai kauri a ƙarshen tsibirin ta arewa, wato sansanin d'Estrées, wanda Faransawa suka gina tsakanin 1852 da 1856 domin tsare mashigar teku. Daga baya ya zama kurkuku, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. Tsawon tsibirin duka bai wuce mita 900 ba, amma Turawan Fotugal sun iso shi tun 1444, mutanen Holan suka riƙe shi suka raɗa masa suna, Faransa ta ƙwace a 1677, Ingila kuma ta karɓe shi fiye da sau ɗaya kafin ya koma hannun Faransa a 1817.

Wata 'yar kasuwa daga Kano:
Malam, gaskiyarka, domin ni ma ina cikin masu wannan kuskuren. Sayayya ta kai ni Dakar, kuma rana guda na ware wa Gore. Na shiga Gidan Bayi, na ga ɗakunan ƙasa masu duhu inda aka ce ana ware maza daban, mata daban, yara daban, alhali iyayengijinsu suna zaune a saman bene suna shan iska. Da na tsaya a bakin ƙofar nan da ke fuskantar teku, wadda ake cewa wanda ya fita ta nan ba ya dawowa, sai na kasa riƙe hawayena, har ban sami ƙarfin hawa tudun tsibirin ba.

Wani tsohon soja daga Kaduna:
Hajiya, in Allah ya sake kai ki, ki daure ki hau tudun da suke kira Kastel a kudancin tsibirin, domin a nan ne mutum zai gane dalilin da ya sa Turawa suka yi ta zubar da jini a kan ɗan wannan dutse. Daga sama kana hangen tashar Dakar gaba ɗaya, kuma babu jirgin da zai shigo ba tare da ya faɗo ƙarƙashin bakin igwa ba. Manyan igwoyin ƙarni na 20 suna nan har yanzu, tsatsa tana cin su, kuma suna tuna wa mutum yaƙin watan Satumba na 1940, lokacin da Janar de Gaulle na Faransa da jiragen yaƙin Ingila suka nemi karɓe Dakar daga hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ke haɗa kai da Jamus a lokacin, aka yi kwana uku ana musayar wuta, suka janye ba su yi nasara ba. Na shiga ramukan ƙarƙashin ƙasa da sojoji suka haƙa, na tarar masu zane sun mayar da wasu daga cikinsu wurin aiki da kwana. Abin da ya dame ni shi ne yadda igiyar ruwa take cin gindin wasu tsofaffin bangaye, kuma a ganina wurin da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya tun 1978 ya cancanci kulawa fiye da haka.

Wata ɗaliba daga Yamai:
Baba, na gode da wannan bayani. Ni abin da ya kai ni shi ne tsohon ginin makarantar horar da malamai ta William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin daga 1913 kafin a mayar da ita garin Sebikotan kusa da Dakar, domin a cikinta ne marubuci Boubou Hama da Diori Hamani, wanda ya zama shugaban Nijar na farko, suka yi karatu kafin su dawo Nijar su koyar. Malamanmu sun kuma ja hankalinmu cewa masana suna da saɓani a kan yawan bayin da aka fitar ta Gore, wasu suna ganin adadin bai kai na tashoshi irin su Wida ta Benin da Luwanda ta Angola ba, amma hakan bai rage mini nauyin abin da na ji a ɗakunan Gidan Bayi ba.

Mai buɗe zance:
Madalla da ku. Zan ƙara da masallacin da ke gindin tudun Kastel, wanda aka gina da dutse a ƙarshen ƙarni na 19. A can na yi sallar azahar, ina jin ruwa yana dukan dutsen da ke ƙarƙashin bango, kuma da yake babu mota ko ɗaya a tsibirin, babu wata ƙara da ta shiga tsakanina da kiran sallar la'asar da na tsaya na jira.