Muzuruna ya fara fesa fitsari a labule tun da muka tare a sabon gida

Maman Ilham, Tumfure, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san halin mage, domin al'amarin ya fara fin ƙarfina. Muna da muzuru ɗan wata tara, wanda na ɗauko daga gidan yayata a Jekadafari tun bai daɗe da barin nono ba, kuma duk zaman da muka yi a Bolari bai taɓa ɓata mini ɗaki ba, domin akwai tulin yashi a bayan madafi, can yake zuwa ya tona ya binne abinsa. Yau makonmu uku da tarewa a Tumfure, sai ya sauya hali gaba ɗaya. Ranar Laraba na gan shi da idona: ya zo bakin ƙofar falo ya sansana labule, ya juya masa baya yana tsaye, ya miƙe wutsiya sama tana karkarwa, ya fesa ɗan fitsari, ya wuce abinsa. Warin ya fi na fitsarin da na sani ƙarfi nesa ba kusa ba. Jiya kuma ya yi wa dardumar maigida da ke rataye a hannun kujera, ga kukan da yake yi a kan katanga cikin dare kamar na jariri. Na doke shi da tsintsiya sau biyu, na goga masa hanci a wurin kamar yadda maƙwabciyata ta ce, abin da na samu kawai shi ne yanzu da ya hango ni sai ya shige ƙarƙashin gado. Maigida ya ce a sa shi a buhu a kai shi bayan gari, yara suna ta kuka, ni ma raina bai kwanta da hakan ba. Me ya same shi, kuma yaya zan yi?

Abu Sadik, Fadaman Mada, Bauchi

Wa alaikumus salam. Hajiya, na yi shekaru ina taimaka wa likitan dabbobi a wurin aikinsa, kuma yadda kika kwatanta tsayuwarsa ya isa a gane matsalar. Mage idan fitsari ne ya matse ta, tsugunawa take yi a ƙasa, ta yi mai yawa, sannan ta ja ƙasa ta rufe. Wanda ake yi a tsaye, kaɗan, a jikin abin da yake tsaye kamar bango ko labule ko ƙofa, alama ce muzuru yake sakawa don sauran maguna su san akwai mai wurin. Abu biyu ne suka haɗu masa a lokaci guda. Muzuru yakan balaga tun daga wajen wata shida, daga nan fitsarinsa yake yin wannan wari mai kaifi, ya fara kukan neman mace da yawon dare. Sannan kun raba shi da gidan da kowane lungu yake ɗauke da ƙanshinsa, kun kawo shi inda wataƙila wani muzurun unguwa ya riga ya mallaki katangar. Ki lura da kyau, za ki ga mafi yawan wuraren da yake fesawa suna kusa da ƙofa ko taga.

Duka ba ya gyara wannan, domin mage ba ta haɗa hukuncin da aka yi mata yanzu da abin da ta aikata ɗazu. Abin da ya fahimta shi ne ke ma kin zama abin tsoro, kuma tsoro yana ƙara masa buƙatar saka alama. Ki ware masa ɗaki ɗaya na kwanaki, ki ajiye masa tsohon zanin da ya saba kwanciya a kai ba tare da an wanke ba, da baho mai faɗi cike da yashi mai laushi, a kusurwar da ta yi nisa da kwanon abincinsa da ruwansa. A riƙa kwashe ƙazantar kullum, amma mai juna biyu kada ta yi wannan aikin, saboda wata ƙwayar cuta da ake samu a kashin mage wadda take iya cutar da ɗan tayi. Inda ya fesa a wanke da omo da ruwa mai yawa, a shanya a rana, kuma a guji duk abin wanki mai sinadarin amoniya, domin warinsa yana kama da na fitsari, sai ya dawo ya sabunta alamarsa. Idan kin gan shi yana goga kumatunsa a ƙafar kujera ki bar shi, ƙanshinsa yake sakawa, kuma mage ba ta cika fesa fitsari a inda ta goga fuska ba.

Babban magani dai shi ne fiɗiya a hannun likitan dabbobi. Aiki ne na mintuna da ake yi bayan an sa shi barci, kuma mafi yawan muzurai suna barin feshin da yawon faɗa bayan an yi musu, musamman idan ɗabi'ar ba ta daɗe ba.

Alhaji Mai Hatsi, Kumo

'Yata, shekarata fiye da ashirin ina ajiye maguna a ɗakin ajiyar masara da wake, kuma zan gaya miki cewa kai shi bayan gari ba dabara ba ce. Magen da ta tashi a ɗaki, ta saba a zuba mata, idan aka yar da ita ko yunwa ta kashe ta, ko karnuka, ko ta ci ɓeran da ya ci guba. Ku kuma wata ɗaya ba za a yi ba ɓera zai fara yi muku ɓarna a buhun shinkafa. Maganar kukan dare, ki sani mage ta fi kuzari da magariba da kuma gab da asuba, rana kuwa barci take yi. Ki sa yara su ɗaura gashin kaza a bakin zare su riƙa ja masa bayan sallar isha'i har ya gaji, sannan a ba shi abincinsa mai nauyi, a rufe shi a ciki. Amma ni ban yarda da fiɗiya ba, Malam Abu Sadik. Tun muna yara muke jin cewa fiɗiyayyen muzuru ƙiba yake yi ya zama malalaci, ya bar kama ɓera.

Malama Ummu Hani, Pantami, Gombe

'Yar'uwa, zan taɓa ɓangaren tsarki, tunda kin ambaci darduma. Hadisin Abu Ƙatada da Imam Malik ya ruwaito ya nuna cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawo a tsakaninmu, don haka sauran ruwan da ta sha mai tsarki ne. Fitsarinta kuwa najasa ne a mazhabarmu ta Malikiyya, sai an wanke dardumar kafin a yi salla a kanta, kuma ya fi kyau a riƙa naɗe ta a ɗora a sama. Ki tunatar da maigida cikin ladabi hadisin matar da aka azabtar saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Idan har ya zama dole ku rabu da shi, a nemi gidan da za su riƙe shi da amana. Batun fiɗiya malamai sun yi saɓani a kansa, kuma da yawa sun halatta idan akwai maslaha ko tunkuɗe cuta, don haka ku tuntuɓi malamin da kuka amince da shi.

Abu Sadik, Fadaman Mada, Bauchi

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganar ƙiba gaskiya ce idan ba a rage masa abinci ba, domin buƙatar jikinsa tana raguwa bayan aikin. Farauta kuwa ɗabi'a ce dabam da neman mace, fiɗiya ba ta cire ta, hasali ma wanda ya bar yawon unguwa ya fi zama a gida inda ɓerayen suke. Hajiya, akwai abu ɗaya da nake so ki riƙe da muhimmanci. Idan kika gan shi yana yawan tsugunawa a yashi, yana yunƙuri yana kuka amma fitsari ba ya fita, ko kika ga jini, ki kai shi wurin likita a ranar, domin hanyar fitsarin muzuru takan toshe, kuma hakan yana iya kashe shi cikin kwana biyu zuwa uku. Kada ki ba shi farasitamol ko da ɓari ne, guba ce ga mage. Tunda yana hawa katanga yana haɗuwa da wasu, a yi masa allurar rigakafin cutar haukan kare, kuma duk yaron da ya ciza ko ya yakusa a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a je asibiti.

Maman Ilham, Tumfure, Gombe

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida amsoshinku, ya yarda a ba shi wata ɗaya. Daren jiya na leƙa ta taga na ga wani ƙaton baƙin muzuru zaune a kan katangarmu daidai saitin ƙofar falo, sai na gane abin da Malam Abu Sadik yake nufi. Na mayar da namu ɗakin baƙi tare da tsohon zanina da bahon yashi, kuma da safen nan ya yi amfani da yashin, har ya fito daga ƙarƙashin gado ya goga kansa a ƙafata. Ranar Litinin, in Allah ya yarda, za mu kai shi asibitin dabbobi. Malam, shin ana hana shi abinci kafin a yi masa aikin, kuma kwana nawa zan tsare shi a ɗaki bayan mun dawo?